Ƙwayar Zurma Uku

Ban taɓa shan wuya irin ta wannan kaka ba, ko aikin dole na hanyar Magariya bai kai ta ba. Zamanin Nasara ne, muna zaune a wani ƙauye kusa da Dungas. Matata ta yi kwanika sau biyu: kowane karo tana goyo ciki ya shiga, nono ya lalace, yaron ya rame har ya mutu. Da ta haifi ta uku, ungozoma ta ce mini in aka kuma, har uwar za mu rasa.

Surukata ta aiko daga Yekuwa a kai mata ɗiyarta sai an yaye, kamar yadda kowa ke yi. Na ƙi. Gyaɗa ta isa cira, wa zai yi daka, wa zai kai mini fura gona?

Ranar kasuwar Dungas wata tsohuwa mai sayar da sassaƙe ta ba ni ƙwayar zurma. Ta ce guda ɗaya tana hana ciki shekara ɗaya, a haɗiye ta ɗungum. To ni manomi ne, ban taɓa jefa ƙwaya ɗaya a rami ba, don wata ba ta tsirowa. Na ba matata uku. Ta kasa haɗiya, na ce ta tauna.

Kafin la'asar sai amai da gudawa. Kwana huɗu tana kwance, idanu sun faɗa, nono ya ƙafe, jaririyar tana kuka har murya ta dishe. Ruwan koko muka riƙa ɗiga mata a baki. Har yau ban san ko zurma tana aiki ba. Wasu sun rantse da ita, matar maƙwabcina kuwa ta haɗiya, damina na zagayowa ta haihu.

Rana ta biyar surukata ta iso a ƙafa. Ba ta dube ni ba, ni ma ban ɗaga kai ba. Ta tsaya bakin ɗaki tana yi wa ungozoma magana yadda zan ji.

"Ki gaya wa mai gidan nan, uwata ta yi goyo bakwai ba ta tauna komai ba. Gidansu take zuwa sai ta yaye."

Washegari na ɗaura wa jaki akumari, na ɗora matata da jaririyar, na kai su Yekuwa. Na dawo na cire gyaɗata ni kaɗai.