Shanun Malam Sale da Karatun Lauyana

Ni mutumin Sule Tankarkar ne, ɗan manomin gero da riɗi. Ba zan faɗi sunana ba, amma ya ku matasa, duk abin da za ku ji a kaina ya faru. A gidanmu ba a kwana da yunwa, ba a kuma taɓa kayan wani. Na yi nisa a sakandare, malamai na cewa ina da ƙwaƙwalwa, sai dai bakina ya fi hankalina sauri.

A wani hutu na bi wani dillali zuwa karar shanu ta Maigatari. Na ga yadda magana kaɗai ke juya ciniki, tun daga ranar ban koma aji ba. Da ƙananan ƙarairayi na fara. In saniya ta tsufa, sai in ce wa mai saye haihuwarta biyu. Daga baya na koma ɓoye wa mai dabba ainihin yadda aka saye ta. Ba wanda ya kama ni, sai na ɗauka wayo ne.

Gab da damina wani dattijo, Malam Sale, ya zo daga ƙauyensu a Gagarawa da shanun huɗarsa biyu da suka manyanta. So yake a sayar, a musanya masa da matasa. Ya miƙo mini igiya ya ce, "Ɗana, na san mahaifinka. Amana ce." Na sayar wa wasu 'yan Damagaram, na dawo ina hawayen ƙarya, na ce sun tsallake iyaka ba su biya ba. Dattijon ya yi salati, ya juya ya tafi. Da kasuwa ta zagayo mutanen nan suka dawo, sarkin kara ya tambaye su, asirina ya tonu. Kafin nan kuɗin sun narke a babur da abokai.

A kotun Gumel na fara ganin abin da ya canza ni. Ba ni da mai tsaya mini, sai wata lauya da ke taimaka wa marasa galihu kyauta, Hajiya Rabi, ta ɗauki shari'ata. Ƴan sanda sun haɗa mini har da satar wasu awaki da ban san su ba. Matar nan ta miƙe, ba ta ɗaga murya ba, ta yi ta tambaya ɗaya bayan ɗaya har zancen awaki ya watse. Duk rayuwata na san magana makamin cuta ce, ban taɓa ganin an tsare mutum da ita ba.

Na ce mata, "Hajiya, kin san fa na ci shanun."

Ta ce, "Na sani, kuma za ka amsa laifinsu. Aikina kada a ɗora maka abin da ba ka ɗauka ba."

Malam Sale ya ba da shaida, na amsa laifina, alƙali ya ɗaure ni. Mahaifina ya sayar da gonarsa ta bakin hanya ya biya diyya, bai zo duba ni ba har na fito.

A gidan yari na tarar da mutanen da suka fi ni daɗewa, ba a ma yanke musu hukunci ba, wasu ba su san me ake tuhumarsu da shi ba. Nan na koma karatu. Na rubuta jarrabawar gama sakandare a ciki. Da na fito na yi dako a tashar Gumel, na yi ta nema har na samu jami'a, na karanta shari'a. A aji ba wanda ya san inda na fito.

Amma digiri kaɗai ba ya sa mutum zama lauya. Sai ya shiga makarantar horon lauyoyi, can kuma halinka ake dubawa kafin takardarka. Cikin tambayoyinsu akwai ko kotu ta taɓa kama ka da laifi. Wani abokina ya ce, "Ka ce a'a kawai. Wa zai tono tsohon zancen Maigatari?" Wallahi zuciyata ta so. Na je wurin Hajiya Rabi, wadda a lokacin furfura ta fara fito mata. Ta ce, "In ka shiga da ƙarya, duk ranar da aka gane za a tuɓe maka rigar. Faɗi gaskiya, ko da za su ƙi ka. Ka taɓa komawa wurin mai shanun?" Na ce ban taɓa ba.

Na hau mota zuwa Gagarawa. Na same shi a zaure yana gyaran fartanya, idonsa ya yi rauni. Na durƙusa na faɗi ko ni ɗan wane ne.

Sai ya ce, "Ka san shekarar nan da hannu na yi huɗa? Diyyar ta zo bayan ruwa ya wuce. Babban ɗana ya tafi kudu neman abin da za mu ci, can ya rasu."

Ban san wannan ba. Na yi kuka, wannan karon na gaskiya. Na fasa ma gaya masa abin da ya kawo ni, shi ya matsa sai da na faɗa.

Ya ce, "Lauya? Kai?" Ya yi wata gajeriyar dariya. "To in talaka irina ya zo maka an cuce shi, ba shi da ko sisi, za ka tsaya masa?"

Na ce, "Baba, in Allah Ya yarda."

Ya ce, "Kawo mini sandata."

Tsohon nan da kansa ya biyo ni Gumel. A kotun da ya taɓa tsayawa ya nuna ni da yatsa, nan ya yi rantsuwa cewa ya yafe mini, kuma yana roƙon a ba ni dama, ya dangwala hannu. Ban san akwai irin wannan zuciya a cikin mutane ba.

Aka kira ni gaban kwamitin tantancewa, manyan lauyoyi da tsofaffin alƙalai. Shugabansu ya ce, "Me zai sa mu damƙa amanar mutane ga wanda ya ci amana?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da hujja. Na yi, na kuma san abin da ya jawo." Ya karanta rantsuwar Malam Sale, ya cire tabarau. Ba su ɗauke ni a shekarar ba. Suka ce in je in yi aiki ƙarƙashin Hajiya Rabi su ga halina. Abokan karatuna suka wuce suka bar ni. Da shekara ta zagayo aka kira ni. Na je in kai wa Malam Sale albishir, na tarar an yi sadakar bakwai ɗinsa.

Yanzu ina makarantar, kuma kafin a rantsar da ni za a sake yi mini tambayar nan, zan kuma sake amsawa. Ƙannena, kada ku ji labarina ku ce ai ana yi a tuba. Da yawa da muka kwana ɗaki ɗaya a gidan yari ba su samu mai yafe musu ba. Ni na samu, amma yafiyar ba ta dawo wa mahaifina da gonarsa ba, ba ta dawo wa Malam Sale da ɗansa ba. Duk ranar da aka ba ku amana, ku mayar da ita yadda aka ba ku, domin ba ku san ran wa ke rataye da ita ba.