Igiyar Kambas a Hanyar Nariya

A daminar da aka samu 'yancin kai ina hutun makaranta a Rano, wajen Gwaggo, ƙanwar babana. Da hantsi aka aiko daga Nariya cewa jikin Inna ya yi tsanani, tana ta kirana. Mota ba ta bin hanyar da damina, sai dai mu taka. Ga kuma rafi a gaba, wanda in ya cika sai a kwana ba a ƙetare ba.

Takalma biyu gare ni, tsohon fade na fata da farin kambas na makaranta mai igiya. Fade in ya jiƙe santsi yake yi, yana kuma cin tsakanin yatsu. Kambas kuwa ya rufe ƙafa ruf, ƙaya ba ta samun shiga. Shi na ɗauka. Gwaggo ta tambaye ni ko fareti za ni, amma ba ta hana ba.

Ashe akwai abin da na manta. Mace ba ta wuce dattawa da takalmi a ƙafa. Duk zauren da muka iske mutane, Gwaggo sai ta zame nata, ta rusuna, ta gaida su, ta wuce. Ni sai na tsuguna na kwance igiya, in mun gota na sake ɗaurawa da yatsu masu laka. A Kibiya ranar kasuwa ce, kowace inuwa da dattijonta. Hadari kuma ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas.

Na roƙe ta ta bar ni in wuce haka nan, ko sau ɗaya.

"Ki wuce dattawa da takalmi, gobe a ce boko ya cinye 'yar yayana? Cire ki taso."

Na ƙulla igiyoyin biyu, na rataya a wuya, na bi ta ƙafa ba takalmi.

Mun iske rafin ya yi ja, yana tafe da kara da kumfa. Wani makiyayi yana ƙetarar da shanunsa, ya ce kowacce ta kama wutsiyar saniya, kada ta dubi ruwan. A tsakiya ƙasa ta ɓace mini. Kambas ɗin ya cika da ruwa, ya juya baya, igiyar ta shaƙe ni. Na ɗaga hannu zan cire.

"Kar ki saki wutsiyar nan, 'yar nan, ko me kika ji," in ji Gwaggo daga bayana.

Ban saki ba. Saniyar ce ta ja ni har gaɓa, ina tari.

Mun samu Inna da rai, ta gane muryata. Aka miƙo mini ƙoƙon ruwa in ba ta, garin kai mata baki rabi ya zube a tabarma. Gwaggo ta karɓa ta ba ta da kanta.