Ranar Da Na Dafa Wayoyin Unguwarmu

In kun ga dama ku yarda, in ba ku ga dama ba ku shiga mota ku zo Kaoje ku tambaya, har kajin unguwarmu sun san labarin. Ni dai ko ƙwaƙwalwata aka cire aka wanke da omo ba zan manta damanar da na zama injiniya ba.

Shekarar nan tsawa ta sa mu gaba. Hadari na tasowa daga gulbi, sai ka ji wayar wani ta mutu a jikin caji, talabijin ɗin wani ya yi hayaƙi. Ran kasuwar Lolo na haɗu da wani abokina ɗan kabu-kabu daga tsallaken Benin, ya nuna min bidiyo a wayarsa. Wani Bature ne yake ta zuba Faransanci, ya ɗauko gwangwanin ƙarfe, ya shimfiɗa kwali a ciki, ya sa waya ya rufe ruf. Abokina ya ce wai ko tsawa, ko wutar rana, ko bam ɗin da ke kashe kayan lantarki, ba abin da zai taɓa ta. Muna tsakiyar kallo fasinja ya zo, ya fizge wayarsa ya yi gaba. Rabin bidiyo na gani. Na ce rabin ma ya yi wa mai basira irina yawa.

Ina isa gida na nufi goggona, ƙanwar babana, mai sana'ar turara shinkafa. Tana da wata tukunyar dalma da in ka shiga ciki sai an jefo maka igiya. Na ara. Na bi cikinta da kwali, na liƙe bakin marfin da takardar sigari mai ƙyalli. Na tara jama'a, na jefa wayata ciki, na rufe, na ce a kira. Ba ta shiga ba! Aka buɗe, ta shiga. Aka rufe, shiru. Wani tsoho ya riƙe baki ya ce, "Ashe dai ɗan banzan ga yana da kai."

Kwana biyu, tukunya ta zama asibitin unguwa. Ana ganin gabas ta yi baƙi, kowa zai kawo wayarsa. Goggo kaɗai ta ƙi. Wayarta ɗanta ne ya aiko mata daga tsallake, inda yake sana'ar kamun kifi, kuma a cikinta take da muryoyin jikokinta da ba ta taɓa gani ba. Kullum sai ta kunna su tana ba su amsa, kamar suna jin ta. Hadari na tasowa, kashewa take ta tura cikin buhun shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba.

"Goggo, buhu fa ba kimiyya ba ne."

"Mi ne ne kimiyya? Bar min abata inda take."

Na rantse, na sake rantsewa, na ce in ko ƙwarzane ta yi a aske min gira. Da ƙyar ta kwance bakin zane ta miƙo, tana kallona kamar mai ba kura ajiya.

Nan ne basira ta yi min yawa. Mutane suka fara ƙorafi wai wayoyi na kwana biyu a tukunya babu caji. Na ce wannan ai ƙaramin abu ne, Bature ne bai yi zurfin tunani ba. Na samo ƙusa da guduma na huda gindin tukunyar goggo, na zuro igiyar wuta tun daga faifan sola da ke saman kwano har ciki, na jona kowa. Ga kariya, ga caji. Har na fara tunanin kalar rigar da zan sa in 'yan jarida sun zo.

Ran nan bayan azahar hadari ya haɗo. Na rufe tukunya, na zauna a zaure na ɗora ƙafa kan ƙafa ina yi wa sama dariya. Sai ji muka yi ƙwaram! Haske ya cika gida, akuya ta yi tsalle ta faɗa randa. Da na buɗe ido, hayaƙi ne ke fita ta gefen marfi, siriri, kamar shinkafa ta kusa nuna. Tsawar ba ta sha wahalar nema ba, na riga na shimfiɗa mata titi daga rufi har cikin tukunya.

Na ɗaga marfi. Wayar liman ta rungume ta mai shayi, sun narke tare. Ta goggo na ƙasa, ta lanƙwashe kamar soyayyen kifi. Daga baya abokin nawa ya nuna min ragowar bidiyon: rabin da ban gani ba, gaba ɗaya gargaɗi ne kada a bar ko zaren waya ya shiga daga waje. Tun ranar na koyi cewa in ba ka ga ƙarshen abu ba, to kada ka gwada shi da kayan mutane.

Jama'a suka yi ta ruwan zagi. Goggo kuwa ta ɗauki gawar wayarta ta kara a kunne, ta jima. Sannan ta leƙa tukunya, ta sa yatsa a hudar, ta dube ni.

"Shekara talatin ina dahuwa cikin tukunyar ga, ko ƙanzo ban taɓa yi ba. Kai rana guda ka dahe min jikoki. Kawo girar taka."