Yadda Na Bi Gida-Gida Ina Karɓe Kyautata

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Ni dattijo ne, fataucin fata na yi tun ina saurayi har furfura ta rufe mini kai. A lokacin da wannan abu ya faru ban daɗe da ajiye jakar tafiya ba, na dawo na zauna a gidana da ke tsakanin Sharada da Dorayi, daga ni sai maiɗakina, domin 'ya'ya duk sun yi aure sun watse. Sana'ar ta kai ni wurare da dama. Na zauna a Maroko da Masar har Larabcinsu na kasuwa ya zauna mini a baki, na tsinci Faransanci a Nijar da Kwatano, na iya ciniki da Italiyanci, na kuma ga majemun Indiya da idona. Ba zan ɓoye muku ba, a wancan lokaci ina ji da kaina. Duk maganar da aka ɗauko a majalisarmu ta bayan La'asar, sai na ce ai ba haka ake yi a ƙasa kaza ba, har abokaina suka daina musu da ni, suna dai kallon juna suna murmushi.

Cikin abubuwan da na dawo da su akwai ƙin almubazzaranci. A Italiya na ga tsofaffi masu hali suna zuwa kasuwa da kwandonsu, ba sa karɓar leda. A Indiya na ga tela yana haɗa ƙyallayen da mu muke sharewa ya fitar da riga mai kyau. Sai na ɗora wa gidana wannan tsari. Na daina ɗinka sababbin kaya kowace Sallah, na koma kai tsofaffin riguna ana rina mini su, takalmina kuwa sai mai gyara ya ce ya gaji kafin in rabu da shi. Na shuka zogale da alayyahu da yakuwa a bayan gida, ɓawon kayan miya da tokar murhu suka zama taki. Hajiya ba ta ƙi ba, amma ba ta bar ni na sha iska ba. Takan ce wai Alhaji ya ƙona kuɗin jirgi har ƙasar Turawa don ya koyo abin da kakarta take yi a ƙauye da ƙwarya da faifai. Idan na tsinto kwalba a hanya, sai ta tambaye ni ko in nemo mini buhu in shiga sahun 'yan bola jari gaba ɗaya. Muna yin dariya, rayuwa tana tafiya lafiya, jikina ma ya fi sauƙi fiye da lokacin da nake cin abincin otal.

Matsalarmu ɗaya ita ce ruwa. Famfo ba ya kawowa sai ya ga dama, wajen 'yan garuwa muke saye, tsohon durom ɗinmu na ƙarfe kuma ya yi tsatsa har yana rina ruwan. Wata rana ina dawowa daga Challawa, inda nakan leƙa tsofaffin abokan sana'a, sai na ga an jera durom-durom na roba shuɗaye a bakin titi, masu kauri, da murfinsu. An kankare duk wata takarda da ke jikinsu. Mai sayarwa ya rantse mini cewa daga kamfanin lemo suka fito, sukari kawai aka zubo a ciki. Na buɗe ɗaya na sunsuna, na ji wani ɗan wari can ƙasa-ƙasa wanda hancina ya sani, warin da ke tashi a ɗakin da ake jiƙa fata a kamfanin jima. Amma zuciyata ta riga ta kwanta da su. Na ce wa kaina ai wanki da garin sabulu da toka da shanya a rana za su gama da komai, kuma ga abu mai kyau zai tafi bola alhali mutane suna neman mazubi. Na sayi cikin a-kori-kura guda. Na ajiye biyu a gida, sauran na raba: gidan liman, da wata maƙwabciyarmu 'yar Filato da ke aiki a kamfanin alewa a Bompai, da wata bazawara mai suyar awara a bakin layinmu, da wasu gidaje. Ɗaya kuma na sa a cikin gudunmawata ta bikin 'yar aminina, wadda aka kai ɗakinta Na'ibawa. An yi ta sa mini albarka, ni kuma ina ta yi wa mutane bayanin yadda ake sake amfani da kaya a ƙasashen da suka ci gaba.

Hajiya ce ta fi kowa mu'amala da ruwan nan. Ita ke jiƙa gero a ciki ta tace gasara, domin kokonta da kununta sun yi suna a dangi, kuma tana gida wuni guda, daga durom ɗin take sha. Ni kuwa yawanci a waje nake wuni. Tun farko ta ce mini ruwan yana da wani ɗanɗano kamar an tsoma ƙusa a ciki, na ce sabon mazubi ne, zai daina. Bayan wasu watanni hannuwanta suka fara ƙaiƙayi, fatar tana tsagewa tsakanin yatsu. Muka canza sabulu, ta shafa man kaɗanya, ba sauƙi. Sai ciwon ciki, sai tashin zuciya, sai kasala, macen da ba ta iya zama wuri ɗaya ta koma kwanciya bayan Azahar har La'asar ta kusa wucewa. Aka ce shawara ce, aka kawo saiwoyi. Aka ce taifot ne, ta sha ƙwayoyi. Wata ƙanwarta ma ta zo tana raɗa mata cewa wannan ba ciwon asibiti ba ne, a nemi tsari. Duk abin da aka ba ta, da ruwan durom ɗin nan take haɗiye shi, ni da hannuna nake ɗebo mata.

Ranar da na ga ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, na ɗauke ta muka tafi asibiti. Bayan gwaje-gwaje likita ya kira ni gefe ya ce ƙodarta ta gaji, kuma idan ba a gano abin da ke cutar da ita an tsayar ba, maganar wankin ƙoda za a shiga. Ya dubi hannuwanta ya tambaya ko tana aiki a kamfanin rini ko na fata. Na ce matata ko ƙofar kamfani ba ta taɓa takawa ba. Ya tambayi abin da take ci, da inda muke samun ruwa, da abin da muke zuba shi. Kafin in gama amsa tambayar ƙarshe, warin nan ya dawo mini a hanci. Likitan ya ce roba tana shan abin da aka daɗe ana ajiyewa a cikinta, ta riƙa sakinsa a hankali, wanki ba ya raba ta da shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na taɓa ganin irin waɗannan durom-durom a wata majema a Italiya, an killace su a bayan waya da kwaɗo, mota ta musamman ke zuwa ta kwashe su. Na ga kwandon tsohuwa na riƙe, na ga kwaɗon nan na manta.

Na shiga ɗakin da aka kwantar da ita ana yi mata ƙarin ruwa, na faɗa mata komai. Na zaci za ta yi kuka ko ta yi faɗa. Sai kawai ta tambaye ni gida nawa na kai wa durom-durom ɗin. Ta ce in tashi in je in karɓo su duka. Na ce mata zan aika a sanar da kowa ya daina amfani da nasa, domin ni da girmana ba zan bi ƙofa-ƙofa ina karɓe kyautar da na bayar ba, abin da ko yara suna yi wa juna gori a kansa. Ta ce in dube ta da kyau. Ta ce ita mace ce, ta san mata: ba wadda za ta yar da durom mai murfi saboda saƙon baki, za a dai tura shi bayan ɗaki, ranar da ruwa ya yanke a jawo shi. Ta ƙara da cewa idan kunya nake ji, in kawo mata mayafinta ta cire robar hannunta ta je da kanta, tunda ita ba ta zaga duniya ba balle ta sami girman da za ta ji wa tsoro.

Daga asibiti gidan liman na wuce. Na tambaye shi hukuncin wanda ya karɓe kyautarsa, ya ce abin ƙi ne, amma wannan ba karɓe kyauta ba ne, ɗauke cuta ne daga kan mutane, kuma jinkirta shi ne laifin. Ya sa aka juye ruwan gidansa a gabana, aka mirgino mini durom ɗin. Maƙwabciyarmu 'yar Filato ba ta bari na gama bayani ba, ta ce Baba ai dama 'yarta tana ta fama da ƙuraje a baki, ta kama hannun durom ɗin muka fitar tare. Mai awara ce ta ba ni wahala. Ta riƙe ƙugu ta ce sai dai in faɗa mata gaskiya idan wani ne ya taya da tsada, kuma ko da guba ce a ciki, a ina nake so ta jiƙa wakenta gobe? Tana da gaskiya. Na tafi wajen masu tukwane na sayo randuna manya, na riƙa shiga kowane gida da randa ina fitowa da durom. A majalisa kuwa na sha ba'a. Wani ya ce wa sauran kowa ya ɓoye hular da Alhaji ya taɓa ba shi tsaraba, domin karayar arziki ta zo, an fara bi ana karɓa. Wani ya tambaye ni a wace ƙasa ce ake yin haka, Maroko ko Indiya. Na haɗiye, na zauna na ba su labarin ƙafafun Hajiya, dariyar ta tsaya.

Na Na'ibawa ne ya fi nauyi, domin ya riga ya shiga lissafin kayan ɗakin amarya, kuma fitar da abu daga ɗakin amarya magana ce babba tsakanin surukai. Na ɗauki aminina, uban yarinyar, muka tafi tare. Uwar mijin ta tare mu a tsakar gida, ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin an kawo kaya da guɗa an dawo an fitar da su da rana tsaka ba, me maƙwabta za su ce, an fara kwashe kaya aure ya mutu? Na durƙusa a gaban matar da na girma, na ba ta haƙuri, na ce ta faɗa wa duk wanda ya tambaya cewa wani tsoho ne ya yi wauta ya zo gyarawa. Amaryar ta fito gaishe mu, sai na ga ashe tana da juna biyu. Da uwar mijin ta ji abin da likita ya ce, ita da kanta ta kwance murfin ta kifar da ruwan a rariya.

Da na tara su a ƙofar gida sai na rasa yadda zan yi da su. Idan na kai bola, kafin yamma an tsince su an sake sayar wa wasu. Na kira mai walda ya huda gindin kowanne huji manya yadda ko kofi ɗaya ba zai riƙe ba, ya yanke murafan, muka jera su a layinmu suka zama mazubin shara. Har yau suna nan, kuma kwatarmu ta daina toshewa da leda.

Allah cikin ikonsa, da aka raba Hajiya da ruwan nan aka ci gaba da magani, kumburin ya fara saɓewa. A gwaji na gaba likita ya ce ƙodar tana farfaɗowa, a na bayansa ya ce a bar maganar wankin ƙoda, sai dai ta riƙa zuwa ana dubawa. Na fita harabar asibiti na yi sujada a kan siminti, ban damu da masu kallo ba. Yarinyar Na'ibawa ma ta sauka lafiya. Yanzu Hajiya ta koma tace gasararta, hannuwanta sun warke sai ɗan tabo, kuma duk abin da zan shigo da shi gidan sai ta tsayar da ni a zaure ta ji asalinsa.

Ban daina ƙin almubazzaranci ba, kwandona yana hannuna, zogalena yana nan kore shar. Abin da na koya shi ne adana kaya ba ya zama alheri sai ka san abin da kayan suka ɗauka kafin su zo hannunka, kuma idan na gida ya ce maka abu ya canza ɗanɗano, ka saurare shi ko da ka fi shi yawo. Ina roƙon masu karatu, musamman mu da ke zaune kusa da Sharada da Challawa da Bompai, kada ku zuba ruwan sha ko ku jiƙa hatsi a durom ko jarkar da ba ku san me ta ɗauko ba, komai kyanta, komai rantsuwar mai sayarwa. Wanda kuma ya riga ya ba wani irin wannan, ya tashi yau ya je ya karɓo. Za a yi maka ba'a, na sha tawa, amma da yammar nan matata ce ta miƙo mini kunu da hannunta.