Farin Tiyon Motar Kawu

Har yau in na ji warin jiƙaƙƙiyar tsamiya, ba kunu nake tunawa ba, injin motar kawuna nake gani. Ya daɗe yana jan motar siminti a Malbaza kafin ya sayi tsohuwar bashe ta kansa, mai buɗaɗɗen baya, ya kawo ta gidan kakata a Tsarnawa, inda muke zaune. Sauran direbobi jikin mota suke yi wa ado. Shi kuwa cikin kapo, inda inji yake, ya sa wa rai. Duk safiyar Juma'a sai ya ɗaga murfin, ya karɓi tsamiya da toka wajen Kaka, ya goge siraran bututun tagulla har su yi ja kamar sabuwar munduwa. Wayoyin wuta ya naɗe su da zaren roba kore da ja. Ina da shekara tara, an yarda in leƙa, da sharaɗi guda: hannuwa a baya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tiyon mai. Na asali baƙi ne, ba kyan gani. Kawu ya cire shi ya sa fari garau, irin na masu ban ruwan lambu a Konni, ya ɗaure bakinsa da waya. In ya tada inji sai ka ga fetur yana hawa zuwa kafireta, ƴan kumfa na bin juna. Wai da haka yake gane man kwalba da ya sha ruwa. Gaskiyar magana, kallon yake so, kamar yadda ni ma nake so.

Da bazara ta yi nisa, sai na lura tiyon ya koma ruwan goro, ya kuma daina rawa in inji na aiki. Tambayar ta hana ni sakat: taurarewa ya yi, ko idona ne? Wata safiya, ranar kasuwar Illela, an gama lodin wake, kawu ya shiga shan fura ya bar kapo a buɗe. Na sa yatsa biyu na lanƙwasa tiyon kaɗan. Ya ce ƙas. Tsagar ba ta fi yankan farce ba, amma ɗigo ya taru a bakinta ya faɗa kan wani ƙarfe da kan yi zafi har ya ƙona tsumma in inji na aiki. Inji a kashe ma ke nan.

Kawu ya fito ya rufe kapo bai duba ba. Fasinja suka hau kan buhuna. Kaka ta zauna gaba, za ta duba ƙanwarta. Na san abin da fetur ke yi in ya samu zafi, don na taɓa ganin ƙonanniyar mota a bakin hanya. Na kuma san tsohon bel ɗin inji da kawu ke duka da shi. Na tsaya jikin ƙofar motar ta gefen Kaka, ina kallon kapo.

"Maigidana, mi ya same ka?" in ji ta. "Kishi kake zan tafi in bar ka?"

Na raɗa mata. Ta miƙa hannu ta zare makulli daga hannun ɗanta.

"Sauka ka buɗe min ɗakin amaryar nan taka."

Kawu ya ga ɗigon, ya dube ni, ya jawo bel. Sai wani tsohon bakanike da ke cikin fasinja ya sauko, ya kama tiyon a inda ban taɓa ba, ya murɗa. Ya karye a hannunsa kamar busasshen kara.

"Direba, tiyon ruwa ka ba fetur? Ai tuni ya cinye shi. Da yaron ga bai karya maka nan ba, da ramin farko bayan kwalta ya karya maka, inji na tafasa, tsohuwarka a gaba."

Kada ka ce na tsira. Na sha bel biyu don na sauko da hannuwana, a na uku Kaka ta ce ya isa. Aka tura mai keke Konni ya kawo baƙin tiyo da kolye, zoben ƙarfen da ke matse bakinsa, suka isa kasuwa rana ta take. Kawu ya yi mako yana buɗe kapo yana tsaki. Sannan wata rana ya dawo da ƴar matatar mai ta gilashi, ya yanka tiyon a tsaka ya ɗaura ta. Ya kira ni.

"Zo ka ga mai. Hannu a baya."

Yanzu ina da shagon kayan mota a Konni. Samari kan zo da hotuna a waya, suna neman tiyo mai launi da notuna masu ƙyalli. Ina sayar musu, ba na yi musu dariya, na san wa na gada. Amma in wani ya nace sai fari mai araha, sai in jawo aljihun tebur in miƙa masa guntun tiyon kawu, in ce ya lanƙwasa. Kowa ya taɓa sai ya karya kaɗan. Abin da ya rage bai kai tsawon yatsa ba, don haka yanzu sai mai taurin kai sosai nake miƙa wa.