Tabarma a Gindin Ceɗiya

Duk wanda ya yi karatu a hannun Malam Babayo na Ƙofar Wambai zai gaya maka abu biyu game da shi: ba ya dariya, kuma ba a taɓa ganin aljihunsa babu littafin labari ba. Har ya bar aiki yana sufeton makarantu, in ya ji wani mai shirin babbar jarrabawa ya ce ba shi da lokacin karanta labari, sai ya bi shi da kallo kamar wanda ya ce zai sayar da gidan gado. Mutane sun ɗauka rigimar tsufa ce. Ba su san abin da ya same shi ba, shi kuma ba mai ba da labarin kansa ba ne.

Babayo ɗan fari ne a wurin uwarsa, wadda kowa ke kira Dada, Bafulatana ce ta gasken gaske. A wurinsu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallon idonsa, balle ta zauna hira da shi. Tun da aka yaye shi aka kai shi ƙauyen Tirwun wurin goggonsa, daga can aka ɗauke shi boko. Sai da mahaifinsa Hammajoda ya rasu, shanunsu suka ƙare, sannan ya ɗauko Dada ya kawo ta gidansa cikin gari. Gida ɗaya suke, amma gaisuwar safe kaɗai ke haɗa su. Zai durƙusa a bakin ƙofarta ya ce, “Dada, ina kwana?” Ita kuma, fuska na kallon bango, ta ce, “Lafiya, lafiya.” In tana da magana sai ta bi ta kan matarsa Fatu: “Ki ce wa mutumin nan rufin ɗakina yana yoyo.”

Da daminar 1958 wani Bature da zai koma gida ya yi gwanjon kayansa, Babayo ya samo wani ƙaton littafin Turanci wanda bangonsa ya cire. Labarin wani makiyayi ne a ƙasar da ƙanƙara ke rufe duwatsu, wanda tumakinsa suka ɓace, ya bi sawunsu. Bayan la'asar sai Babayo ya shimfiɗa tabarma a gindin ceɗiyar tsakar gida, yana karantawa yana juyawa da Hausa da ƙarfi, wai don Fatu. Fatu kuwa rabin hankalinta na kan tukunya. Ba a yi mako ba ya lura Dada ta dawo da kaɗin audugarta bakin ƙofa, ta ba shi baya, mazari na juyawa. In labari ya yi zafi, mazarin sai ya tsaya.

Wata rana ya karanta inda makiyayin ya bar karensa a baya ya hau dutse shi kaɗai. Sai Dada ta dubi kajin da ke tono a gabanta ta ce musu, “Wannan bai san kiwo ba. Wa ke neman dabba a kan tudu? Bakin ruwa ake fara dubawa.”

Babayo ya dubi littafin ya ce wa Fatu, “Ai ruwan nasu ya daskare.”

“To,” in ji Dada ga kajin, “Allah ya kyauta. Ƙasar ba ta zama ba ce.”

Wannan ce hira mafi tsawo da ya taɓa yi da uwarsa, yana da shekara talatin da ɗaya. Ranar ya ji daɗin da bai san inda zai ajiye shi ba. Daga nan kullum haka: shi yana yi wa Fatu karatu, Dada tana yi wa kaji sharhi, sun ci fiye da rabin littafin, tumaki ba su bayyana ba.

Sai zancen mulkin kai ya kankama. Turawa za su tafi, kujerunsu na neman masu takarda, kowane malami ya zama ɗalibi. Aka zaɓi Babayo ya yi babbar difloma ta ilimi ta gidan waya. Darussa suna zuwa daga Ingila cikin ƙunshi, ya amsa ya mayar, su dawo da jan biro a jikinsu kamar an yanka kaza a kai. Abokin aikinsa Mansir, wanda ya riga shi farawa kuma ya riga shi ramewa, ya ce masa, “Malam, ka ajiye littattafan tatsuniyar nan. Wata ashirin ne kawai. In ka samu takarda ka karanta har ka gaji.”

Da farko ya ƙi. Ya ce zai riƙa shafi biyu kullum. Shafi biyu suka koma ran Juma'a kaɗai. Abin haushi ma, ko ya buɗe labarin sai ya tarar hannunsa na laluben fensir, yana neman abin da zai ja wa layi, kamar makiyayin ma zai fito a jarrabawa. Daɗin ya gudu. Wata Juma'a ya sa tsinken tsintsiya a shafin da ya tsaya, ya jefa littafin cikin akwati, ya koma zaure da takardunsa.

Dada ba ta da bakin tambayarsa dalili. Amma kullum bayan la'asar sai ta share gindin ceɗiya, ta shimfiɗa tabarmar, ta ajiye ƙwaryar kindirmo a gefe, ta koma bakin ƙofarta ta ba da baya. Babayo yakan shigo, ya ɗauki ƙwaryar ya wuce da ita zaure. Mutumin da ke rubuta shafi goma a kan yadda ake gane halin ɗalibi, ya kasa karanta tabarma ɗaya a tsakar gidansa! Ko kuwa ya karanta ɗin ya kau da kai, Allah ne masani.

Sau ɗaya Fatu ta gwada shi. “Malam, Dada ta yi shimfiɗa.”

“Na gani. In na gama, ai littafin ba gudu zai yi ba.”

Da bazarar 1960 sanƙarau ya shigo gari, ya kwantar da Dada. Babayo ya yi abin da ɗa ke yi: ya kai ta asibiti, ya tsaya a waje, tunda ba za ta yarda ya gan ta a kwance ba. Fatu ce ta yi jinya. Bayan mako uku aka sallamo ta, ta rame amma tana kan ƙafarta. Ya ci gaba da durƙusawa da safe, ita kuma da ta ga inuwarsa ta faɗo cikin ɗaki sai ta ce, “Lafiya, lafiya.” Ya gode wa Allah ya koma zaure. Shimfiɗar la'asar ma ta dawo yadda take.

Ya rubuta takardar jarrabawarsa ta ƙarshe saura kwana uku a sauke tutar Ingila. Gari ya cika da shirin biki, ana shafa wa gine-gine farar ƙasa. Shi ko kallo bai tsaya ba. Ya buɗe akwati ya ɗauko littafin, tsinken na nan inda ya bar shi. Ya zauna a kan tabarma, ya gyara murya, ya ce, “Fatu, zo ki ji inda muka tsaya.”

Fatu ta fito daga madafa ta tsaya, ba ta zauna ba. Ya fara karatu. Ya gama shafi ɗaya, ya shiga na biyu, makiyayin ya gangaro wani kwari ya ga gashin tunkiya a jikin ƙaya. Babayo ya saci kallon bakin ƙofa. Mazari na ta juyawa, bai tsaya ba. Ya ƙara murya. Kaji suka zo har gaban Dada suna tono, ba ta ce musu uffan ba.

“Malam,” in ji Fatu, “ba ta ji.”

“Me?”

“Tun ciwon nan kunnuwan suka tafi, duka biyun. Ta sa na rantse kada in gaya maka sai ka gama jarrabawa. Ta ce kada a ɗaga wa mutumin nan hankali.”

Wata shida yana gaida ta kullum bai sani ba. Ya rasa abin yi, sai ya ci gaba da karatun da iyakar ƙarfinsa, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. A nan ne Dada ta ga inuwa a kan tabarma, ta waiwayo. Ta ga littafin. Ta ajiye mazari, ta juyo gaba ɗaya, ta kafa wa bakinsa ido. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kallon fuskarsa haka ba. Ya yi ta karantawa, hawaye na zuba a kan shafin, ita kuma tana bin leɓɓansa da ido har ya kai ƙarshen babin, muryarsa ta dushe.

Sai ta juya ga Fatu, da irin ƙarfin muryar wanda ba ya jin kansa, ta ce, “Ki ce wa mutumin nan ya ɗan ɗaga murya. Ya samu tumakin?”