Faifan Baba Malam da Ya Ƙi Buguwa

Ko da tsufa zai kai ni inda zan riƙa neman hulata alhali tana bisa kaina, akwai wata ranar Alhamis a Zongon Lome da na tabbata ba za ta fita daga raina ba. Lokacin ina ɗan saurayi mai ji da kansa, na gama makarantar Faransanci, na buɗe ɗan shagon ɗaukar bidiyo da kyamara ɗaya da tsohuwar kwamfuta da na sayo a wajen 'yan gwanjon tashar jirgin ruwa. Biki, suna, walimar sauka, duk ni ake kira. Ba a fara tura bidiyo ta waya ba tukuna. Sai ka zuba abin da ka ɗauka a kwamfuta, ka shirya shi a manhajar montaj, wato ta haɗa bidiyo, sannan ka buga shi a faifan DVD. A ganina duk Zongo babu wanda ya kamo ƙafata a wannan aiki. Tsohon telan da shagonsa ke manne da nawa "Mushe Kwamfuta" yake kirana, ni kuwa har washe baki nake yi, a zatona "malam" ɗin Faransanci yake nufi, ban san tsiya yake mini ba.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, tsohon ɗan kasuwar goro, kowa Baba Malam yake ce masa. Jikarsa ta sauke Alƙur'ani, aka kira ni ɗaukar walima. Na ɗauki karatu, na ɗauki baƙi, na ɗauki manyan tukwanen shinkafa. Da aka zo addu'ar rufewa na durƙusa dab da shi don in samu fuskarsa sosai. Kowa ya ɗaga hannu, ni kaɗai ke riƙe da kyamara. Tsohon ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai mai hoto, addu'ar ba ta shafe ka ba ne? Ajiye ƙarfen nan ka ɗaga hannunka." A Zongo ba a musu da irin wannan magana. Kunya ta sa na dangwarar da kyamarar a kan tabarma kusa da gwiwarsa, ta kife gefe guda, ban ma tuna na kashe ta ba. Sai da jama'a suka watse wajen abinci na dawo na ɗauke ta.

Kwana tara bayan walimar Allah ya yi wa Baba Malam rasuwa. Bidiyon nan shi ne kaɗai hotonsa mai motsi da ya rage a duniya.

Yana da ƙane a Katsina wanda suka fi shekara ashirin ba su yi wa juna magana ba. Duk Zongo an san dalili. Ƙanen ne ya dage sai ya mayar da mahaifiyarsu gida Najeriya da tsufanta, Baba Malam bai so ba. Ta isa ba da jimawa ba ta rasu, aka binne ta kafin labari ya iso Lome. Cikin zafin rai Baba Malam ya aika masa cewa wahalar hanya ce ta kashe ta, kuma shi ya jawo. Daga nan kowa ya kama bakinsa, shekaru suka yi ta tafiya.

Da safiyar Alhamis ɗin nan babbar 'yar Baba Malam, wadda muke kira Hajiya, ta shigo shagona. Ta ce, "Ƙanena, faifan walimar nan nake so yau. Akwai direban da ya ɗauki kaya a tashar jirgin ruwa, bayan la'asar zai tashi, ta Katsina zai bi. Baffanmu yana kwance ba lafiya. Tun da aka yi rasuwar nan kullum sai ya sa an kira ni a waya, tambayarsa ɗaya ce: ko Yaya ya ambace ni kafin ya cika? Ni kuwa ban ji ba, kuma ba zan yi masa ƙarya ba. Ko fuskar ɗan'uwansa ya gani, wataƙila ya samu sanyi." Har ta kai ƙofa ta juyo ta ce, "Kada ka yanke komai, ka ji? Ko tarinsa ne ka bar mini."

Na bugi ƙirji na ce kafin azahar ta aiko a karɓa.

Bari in faɗi gaskiya a kan yadda nake aiki a wancan lokaci. Farkon bidiyo kaɗai nake ɓata lokaci a kai: rubutu mai walƙiya, furanni suna zubowa, sunan shagona yana juyi. Sauran kuwa jawo shi nake yi gaba ɗaya in jefa a layi, ba na tsayawa kallo. Wa ke da lokacin kallon mutane suna cin shinkafa har awa biyu? Haka na yi wa wannan ma, na saka sabon faifai, na danna bugawa, na miƙe ƙafa.

Koren layin da ke nuna ci gaban aiki ya yi ta tafiya lafiya lau. Yana gab da ƙarshe sai ya tsaya cak. Allon ya yi fari, manhajar ta rufe kanta ba sallama, kwamfuta ta tofo faifan a lalace. Na yi tsaki na ce wuta ce ta yi rawa, na kashe na kunna, na saka wani. Ya sake mutuwa. Na ce to zafi ne, na buɗe murfin kwamfutar na juyo mata fanka. Na rage saurin bugawa zuwa mafi ƙanƙanta. Na goge bikin mutane uku don a samu fili. Na cire manhajar ɗungurungum na sake saka ta. Faifai na uku da na huɗu duk suka bi sahun 'yan'uwansu.

Daga nan na yanke hukuncin cewa na'urar buga faifan ce ta tsufa. Na tare zemijan, ɗan acaɓan Lome, muka ratsa cunkoso har unguwar Bè-Kpota wurin wani abokina, na aro tasa. Na dawo jiƙe da gumi, na yi azahar a tsaitsaye, na haɗa, na saka faifai na biyar. Ya mutu a gabana kamar sauran. Na zauna ina kallon allon, ina tunanin wani tsoho kwance a Katsina yana jiran mota, ni kuma ba ni da abin da zan ba ta.

Ashe duk wannan bidiri telan nan yana jina ta bango. Ya leƙo da tef ɗin awo rataye a wuya, ya dubi faifan da na zubar a ƙasa ya ce, "Mushe Kwamfuta, yau kuma faranti ka koma sayarwa?"

Na ce, "Baba, don Allah ka bar ni. Wannan ba harkar keke ba ce."

Bai ji haushi ba. Ya jawo kujera ya zauna, ya ce in gaya masa abin da ke faruwa da Hausar da zai gane. Na gaya masa a daƙile. Sai ya tambaye ni, "Wuri ɗaya yake mutuwa kullum, ko yau nan gobe can?"

Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na ga ban sani ba. Sau biyar abin ya faru a gabana, ban taɓa lura ba. Da na yi tunani sai na ce, "Wuri ɗaya ne. Gab da ƙarshe."

Ya ce, "To ka daina zagin injin. Ni in zare yana tsinke mini nan da can, keke nake dubawa. In kuwa a wuri ɗaya yake tsinkewa, sai in cire shi in bi shi da yatsa a hankali, don na san akwai ƙulli a jikinsa. Ka bi naka zaren da yatsa tukuna?"

Mutumin da bai san inda ake kunna kwamfuta ba ya gaya mini abin da ya kamata in fara yi tun safe. Na raba bidiyon biyu, na gwada fitar da rabin farko a cikin kwamfutar ba tare da ɓata faifai ba, ya fita lafiya. Rabi na biyu ya kashe manhajar. Na sake raba shi biyu, na sake rabawa, yana zaune yana gyaɗa kai kamar shi ya ƙera na'urar. A haka muka ƙure abin a 'yan mintoci kaɗan. Ina buɗewa na gane wurin. Daidai inda na dangwarar da kyamara ne. Faɗuwar ta girgiza kasat ɗin da ke ciki, hoton ya farfashe ya zama ƙananan murabba'ai kore da ja, ba ka ganin komai sai gefen tabarma jefi-jefi. Duk lokacin da manhajar ta iso nan sai ta shaƙe.

Ana haka aka kira la'asar. Na ce, "Shi ke nan, yanke shi zan yi. Ai tabarma ce kawai." Har na ɗora yatsa a kan madannin.

Telan ya riƙe mini hannu ya ce, "Hajiya ba ta ce kada ka yanke komai ba? Ni ma na ji ta. Hoton ne ya lalace, ko har da maganar?"

Wannan ma ban duba ba. Na raba sautin da hoton, na cire hoton, na saka abin ji a kunne. Muryar Baba Malam ta fito tas, fiye da ko'ina a cikin bidiyon, don kyamarar tana kwance ne a gindin gwiwarsa. Na ji addu'ar da muka yi, na ji Fatiha, na ji amin, na ji jama'a suna tashi, kwanoni suna ƙara, yara suna guje-guje. Zan tsayar ke nan sai na ji muryarsa ta ci gaba, ƙasa-ƙasa, yadda mutum ke magana in ya tabbata ba mai jinsa sai Ubangijinsa. Ashe da kowa ya shafa ya tashi, shi bai sauke hannunsa ba.

Ya ce, "Ya Allah, ga ƙanena can a Katsina. Ka san maganar da na faɗa masa ba gaskiya ba ce, kwananta ne ya ƙare. Girman kai ya hana ni kiransa. Na yafe masa duniya da lahira, ka sa shi ma ya yafe mini."

Na cire abin ji na ajiye. Tsoro ne ya kama ni, irin wanda kake ji in ka ga an tsara abu a gabanka ba da saninka ba. Baba Malam da kansa ya umarce ni in ajiye kyamarar. Ni na manta ban kashe ta ba. Kuma faifai biyar suka ƙi wuce wannan wuri, har sai da aka tilasta mini na tsaya na saurara. Da ya bugu tun farko, da an tafi da shi, maganar nan a binne cikin hayaniyar kwanoni, mai yiwuwa ma su kashe faifan da zarar hoto ya lalace.

Na miƙa wa telan abin jin. Ya saurara har ƙarshe, ya cire hularsa ya riƙe. Can ya ce, "Tashi mu yi salla, sannan a kira ta."

Hajiya ta iso tare da direban, mota tana jira a bakin titi. Na kunna mata a lasifika. Tana jin "ƙanena can a Katsina" sai ta zauna a ƙasan shagon, kan faifan da na zubar, ta rufe fuska da mayafi. Direban da ya shigo yana duba agogo ya jingina da bango ya ce, "Yi aikinka a tsanake, ƙane. Kaya ba za su gudu ba."

Na ɗauko hoton Baba Malam guda ɗaya daga farkon addu'ar, hannuwansa a sama, na shimfiɗa shi a wurin hoton da ya lalace. Na ƙara ƙarfin sautin a daidai maganar, na rage hayaniyar iya abin da na iya. Na saka faifai na shida da bisimilla. Mu huɗu muka zuba wa koren layin nan ido. Ya iso wurin da ya saba mutuwa, ya wuce abinsa kamar ba a taɓa yin komai ba.

Bayan kamar mako guda Hajiya ta biyo ta shagona. Ta ce faifan ya isa. Baffan nasu bai bari an kalli karatu ko baƙi ba, wurin nan kaɗai yake sa a maimaita masa. Da ya kira ta a waya bai yi tambayar da ya saba yi ba. Cewa ya yi, "Na ji shi da kunnena. Ni ma na yafe masa, ki shaida."

Yanzu faifai ya zama tarihi, telan nan ma ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Amma har yau in aka ba ni aiki, ko na minti biyar ne, sai na zauna na kalle shi na saurare shi daga farko har ƙarshe kafin in taɓa komai. Ranar nan ce ta koya mini cewa abin da mutane suka damƙa a hannunka amana ne, ba ka da ikon yanke abin da ba ka tsaya ka ji ba. Saura ƙiris in goge gafarar da wani tsoho ya yi shekara ashirin yana jira, don kawai a idona tabarma ce.